Shawarar da Ba Ta Jin Rawaya

Kafin wani ya riga ni, gara in faɗa da bakina: wawan wannan labari ni ne. Ba 'yata ba ce, ba malamar asibiti ba ce, ba kuma ƙanwar matata ba, ko da yake ita ma tana da nata kason da za mu yi shari'arsa wata rana. Ni ne. Sai dai a rubuta a ajiye, wawa ne mai ilimi. Na yi aji uku a firamare kafin mahaifina ya ga gonar gyaɗa ta fi baƙin allo buƙatata. Bayan nan na yi shekara talatin ina masinja a wani ofishi a Gumel, ina yawo da fayil a hammata daga wannan tebur zuwa wancan. Da ta hammata ilimi yake shiga, da yanzu ni nake koyar da masu koyarwa. An ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Ni nawa bai shaƙe ni ba, rawaya kawai ya shayar da ni har kwana biyar.

Matata ta rasu wata ranar Alhamis, ina kasuwar Maigatari ina cinikin akuyar da ba tawa ba. Tun da na yi ritaya muka dawo gida Ɗanzomo, wannan ya zama aikina. Duk Alhamis in hau mota in je in zauna cikin dillalan awaki, ban saya ba, ban sayar ba, in sa baki a cinikin kowa, in dawo da yamma in ba ta labari da ƙari. Ranar ina cikin gaya wa wani mutumin Damagaram cewa akuyarsa ta girme shi, aka kira ni a waya. Kafin in iso har an yi mata wanka. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta da ni.

Shekara arba'in da shida muka yi, kuma zamanmu na tsiya ne tun daga ranar farko. In na ce miyarta ta yi gishiri, ta ce harshena ne ya tsufa. In na ce ta fara furfura, ta ce ai a gidana ta kwaso ta. Ban taɓa jefa mata magana ta faɗi ƙasa ba, kafin ta sauka ta cafe ta dawo mini da ita da zafinta. Maƙwabta da suka tare sabo sukan ɗauka faɗa muke. Tsofaffin maƙwabta kuwa sun san ranar da aka ji gidanmu shiru, to ɗayanmu ba shi da lafiya.

Babbar shari'ar da ke tsakaninmu ta ƙyauren ɗakinta ce. Ƙarfen da ke riƙe da shi ta sama ya saki, ƙyauren ya sunkuya, yana jan ƙasa har ya zana rabin wata a bakin ƙofa. Sai ka sa kafaɗa ka ɗaga shi kafin ya buɗe. Damina bakwai tana cewa in gyara, damina bakwai ina cewa bayan kasuwa. Ban dai taɓa faɗin wace kasuwar ba.

Aka yi zaman makoki kwana uku a ƙofar gida. Mutane sun zo, Allah ya saka musu, har daga Gagarawa da Sule Tankarkar. Kowa ya durƙusa ya ce sai haƙuri, in ce haƙuri ya zama dole. Na faɗi wannan kalma har ta daina ɗanɗano a bakina. Rana ta huɗu aka naɗe tabarmi, kowa ya kama gabansa, kamar an gama rabon taki. Ni kuwa na shiga cikin gida, na sa kafaɗa na ja ƙyauren ɗakinta, na danna masa kwaɗo, na jefa mabuɗin a aljihu. Na tara 'ya'yana na sanar da su cewa na shiga takaba, kuma ba mai taɓa ɗakin nan.

Ba a kwana biyu ba maganar ta kai kunnen limaminmu. Sa'ana ne, tare aka yi mana shayi, don haka ya zo da kansa ya same ni a zaure.

Ya ce, "Malam, wace magana nake ji? Namiji ba ya takaba. Makoki kwana uku ne."

Na ce, "Na sani, Allah gafarta Malam. Ni ma ban ce a ƙara a littafi ba. Amma duba mini wannan lissafi. Da ni na riga ta, wata huɗu da kwana goma za ta zauna saboda ni, ni da ko ƙyaure ban iya gyarawa ba. Ita kuma da ta ciyar da ni shekara arba'in da shida, kwana uku zan ba ta, kamar baƙon da ya zo biki?"

"Sallar jam'i fa?"

"Ba ta wuce ni."

"Gona?"

"Ina leƙawa."

Ya ja carbi, sannan ya ce, "To wannan ba takaba ba ce, taurin kai ne."

Na ce a rubuta haka ɗin, ba zan ɗaukaka ƙara ba.

Kafin ya tashi ya tuna mini cewa kayan da ke cikin ɗakin ba nawa ba ne ni kaɗai, akwai haƙƙin magada, kuma riƙe shi ba alheri ba ne gare ni ko gare ta. Wannan kam ta shige ni, don gaskiya ce. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Akwai abin da na kulle a ɗakin nan wanda ba ya cikin kwanuka da zannuwa, kuma ban shirya a raba shi ba.

Bayan arba'in sai masu saƙo suka fara sintiri. Wannan ya ce akwai wata bazawara a Gagarawa Tasha, mai hankali, ta iya dambu. Wancan ya ce akwai wata a bayan masallaci, ba ta da surutu. Na ce ni mai surutun nake nema, kuma an binne ta. Cikin masu sintirin har da ƙanwar matata, wadda ke aure nan bayan layinmu kafin mijinta ya rasu. Abokiyar wasana ce tun tana yarinya, ina ce mata amarya, tana ce mini Malam Aji Uku. Yanzu ita ma ta tsufa, haƙoranta na gaba sun yi ritaya tare da ni. Sau uku tana zuwa tana tsayawa a bakin zaure.

"Malam Aji Uku, ina da saƙonka."

"Mayar wa mai shi. Ki ce ango yana takaba."

"Ka dai saurara."

"Amarya, in ke ce kike so, fito fili ki faɗa. Sai dai ki bari haƙoranki su sake fitowa."

A na ukun ta dube ni ta ce, "Bakinka ne zai kashe ka da yunwa," ta juya. Ba ta sake zuwa ba, sai dai ta aiko da tuwo, ni kuma in ci loma biyu in mayar.

Haka na yi wata biyu da wani abu. Maigatari na daina zuwa. Majalisar ƙofar mai shayi na daina zama. Wandona ya fara neman sabon mazagi. In gari ya waye in ɗauko kujera in zauna ina fuskantar ƙyauren nan, hannuna a aljihu ina juya mabuɗi, kamar mai gadin banki.

Sai babbar 'yata ta zo daga Gumel, inda take aure take kuma koyarwa. 'Yar fari ce, ban taɓa kiran sunanta ba, ba kuwa zan fara a takarda ba. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta dube ni sama da ƙasa, ta dubi kwanon tuwon da ban taɓa ba.

Ta ce, "Baba, ranar Talata zan zo in kai ka asibiti. Akwai ɓangaren shawara, na riga na yi wa malamar magana."

Na ce, "Shawara?"

"Eh, Baba. Duk mun lura. Dubi yadda ka rame, ba ka cin abinci. Dubi idonka."

Yanzu ina son mai karatu ya yi mini adalci. An ce asibiti, an ce shawara, an ce rama, an ce rashin cin abinci, an ce dubi idonka. Wane Bahaushe ne mai aji uku, ko ma mai aji bakwai, zai ji wannan ya ɗauka wani abu ake nufi ban da ciwon shawara, wanda ke mayar da idon mutum ruwan ƙwai? Tana fita na nemi madubi. Madubin gidan ɗaya ne, yana cikin ɗakin da na kulle. Sai na fita na tsuguna gaban babur ɗin maƙwabcina, na ja fatar idona a madubinsa. Idon tsohon da ya yi shekara hamsin yana cin goro, me kake tsammani za ka gani a ciki? Na ga rawaya, na ga ja, na ga har abin da ba shi da suna. Na ce shi ke nan, yarinya ta yi gaskiya.

Amma ni allura ce ba na so, kuma ban ga dalilin da za a kai ni Gumel a kan ciwon da kakanninmu suka gama da shi ba. Na je wajen mai magani a bakin kasuwa na karɓo saiwar rawaya da 'yar jar kanwa, na jiƙa a tulu. Safe kofi, rana kofi, yamma kofi. Nufina kafin Talata in warke, in ba likitoci kunya.

Ranar Talata 'yata ta shigo ta gan ni, ta dafe ƙirji. Leɓena rawaya, gemuna rawaya, gaban rigata rawaya.

"Baba, me ya same ka?"

"Shawarar da kika gano mana. Amma na ci ƙarfinta."

Ta juya mini baya, kafaɗunta suna rawa. Na ɗauka kuka take, har na fara ba ta haƙuri, ni da na tsani kalmar. A mota ma fuskarta na waje har Gumel. Daga tasha muka hau adaidaita zuwa asibiti, ta wuce da ni ta gaban masu karɓar kati, ta gaban ɗakin allura, har can baya wani ɗan ɗaki kusa da bishiyar darbejiya. Kujera biyu, tebur ɗaya, butar ruwa. Ba gado, ba abin awon jini, ba warin magani. Wata mata ce a zaune, za ta yi shekara hamsin, da tabarau a kan hanci. Ta miƙe ta gaishe ni da ladabi, 'yata ta fita ta ja ƙofa.

Ban ɓata lokaci ba. Na matsa kusa, na ja fatar idona ƙasa da yatsa, na ce, "Duba da kyau, Malama. Kwana biyar ina shan rawaya. In da saura ki faɗa, amma ban da allura."

Ta cire tabarau ta duba idon, tsakani da Allah ta duba. Sannan ta ce, "Baba, idonka lafiya lau. Tamu shawarar ba ta ido ba ce, ta baki ce."

"Ai bakin ma ga shi ya yi rawaya."

Nan ta yi dariya, ba ta ɓoye ba, ta kuma yi mini bayani. Ɗakin na mutanen da wani abu ya danne wa zuciya ne, wanda aka yi wa rasuwa, wanda ya yi asara, wanda barci ya ƙaurace wa. A zauna, a yi magana, a nemi bakin zaren tare. Shawara dai irin ta mutane.

Wani a matsayina kunya za ta kama shi. Ni kuwa na gyara zama na ce, "Au, shawara kuke nema? To kun kira wanda ya dace." Na shiga ba ta. Na ce teburin nan a matsar da shi daga taga saboda feshin ruwa. Na ce fayil ba a jibge shi a kwance, a tsaye ake jera shi, na yi shekara talatin a wannan fanni. Na ce butar nan a samo mata murfi. Ta ce to, ta ce madalla, har ta tashi ta jera fayil ɗin yadda na ce. Da na ƙare na kawo mata gargaɗi.

"In kuma haƙuri za ki ba ni, Malama, rumbuna ya cika. An ba ni na Ɗanzomo, an ba ni na Gagarawa, har daga Nijar an aiko. Ba ni da wurin zuba naki."

Ta ce, "Ba na rabon haƙuri a nan, Baba. Mama wace irin mace ce?"

Wata biyu da rabi mutane suna gaya mini yadda zan manta da ita, ba wanda ya ce in faɗi yadda take. Na ce mace ce mai baki. Ta ce kamar yaya. Na ba ta labarin gishiri, na ba ta na furfura. Na ba ta na ranar da na sayo mata zane a Maigatari ta ce kalar ta yi kyau, saura a samo makahon da zai yaba. Kafin in farga an kira azahar. Ina miƙewa ta ce, "Baba, mabuɗin me kake ta juyawa a aljihu tun da ka zauna?" Na ce na banki ne. Ta ce to, Talata mai zuwa in zo da labarin bankin.

Na fito ina gaya wa 'yata ba zan dawo ba. Talata na zagayowa na riga ta zuwa tasha. Dalilina shi ne in duba ko an samo wa butar murfi.

Labari ba ya ɓuya a Ɗanzomo. Ranar da na fara komawa majalisar mai shayi, wani tsohon direba da muke zama tare ya ce, "An ce kana zuwa wajen likitan masu taɓin hankali." Wani ya ce shi bai ga abin da mace za ta gaya wa dattijo ba wanda babu shi a bakin malamai. Wani ya ce mu a da ba mu san wannan ba, a binne, a yi addu'a, a koma gona.

Na ce, "Gaskiya ne. Shi ya sa kai tun da ɗanka ya rasu ba ka sake bin hanyar Sule Tankarkar ba, sai ka zagaya ta daji. Kai kuma shekara nawa rabonka da cin ɗanwake, tun da mai yi maka ta tafi? Duk garin nan kowa da ɗakin da ya kulle, ni dai nawa kwaɗon a waje yake, kowa na gani. Addu'a ina yi, ban fasa ba. Malam yana gaya mini inda ta tafi, ita kuma Malama tana tambayata inda ni na tsaya. In wannan ne taɓin hankali, a ajiye mini kujera, Talata ma zan koma."

Mai shayi ya ƙara mini madara ban tambaya ba.

A zama na huɗu na ajiye mabuɗin a kan teburinta. Ba ta taɓa shi ba. Matar nan ta iya shiru, irin shirun da ke jawo magana kamar guga. Sai na faɗa mata abin da ban faɗa wa liman ba, ban faɗa wa 'ya'yana ba.

Safiyar Alhamis ɗin nan na fito da shirin kasuwa, na tarar da matata zaune a bakin ƙofar ɗakinta, ta jingina da ƙyauren, ƙanwarta na gefe tana tsince mata wake. Ta ce, "Malam, yau jikin nan ba daɗi. Ji nake kamar tafiyar ta zo." Ta saba faɗin haka. Ciwon kai tafiya ta zo, mura tafiya ta zo. Sai na ce, "Ke shekara nawa kina yi mini alkawarin mutuwa, har yau ba ki cika ba. Mai alkawari ai cikawa yake." Mota na ta yi mini ham a waje, na sa takalmi na fice. Ban waiwaya ba. A shekara arba'in da shida, ranar ce kaɗai na jefa mata magana ban tsaya na karɓi ramuwa ba. Ban san dariya ta yi ba, ban san kuka ta yi ba. Kalmata ta ƙarshe gare ta ke nan, kuma ta cika.

Na faɗa, na kuma yi kukan da na rantse ba zan yi ko a gaban 'yar cikina ba. Ta turo mini butar, wadda yanzu take da murfi, na wanke fuska. Na jira ta ce ba laifina ba ne, in ƙaryata ta, don na shirya amsa. Ba ta faɗa ba.

Ta ce, "Ajali dai ka fi ni sanin ba bakinka ne ya kawo shi ba. Abin da ke cin ka, ba ka san yadda ta karɓi maganar ba. Ka ce ƙanwarta na wurin?"

"Tana wurin."

"Ka taɓa tambayarta?"

"Wannan? Aure take son ƙulla mini. Kullum ta zo sai ta ce tana da saƙo."

"Ta ce na aure ne?"

Na ce Malama, aikinki shawara ne ko binciken 'yan sanda. Na ɗauki mabuɗina na tafi. A mota na yi ta faɗa da ita a zuci har Ɗanzomo. Gaskiyar da ban faɗa ba ita ce, tun zuwan ƙanwar na farko jikina ya ba ni saƙon ba na bazawara ba ne. Tsoro nake ta ce Yaya ta yi kuka bayan fitarka. Muddin ban ji ba, ɗakin na kulle, to shari'ar ba a yanke ta ba.

Na ƙi zuwa Talata biyu don in nuna wa Malama ba ita ke juya ni ba. Ta uku na koma, don na lura fushin nawa ni kaɗai yake damu. Ba ta tayar da maganar ba, sai ni na tayar. Na ce na ji, zan buɗe, zan kuma tambaya, amma sai ranar da takabata ta cika, ko kwana ɗaya ba zan rage wa matata ba. Ta ce ranar tawa ce, in zaɓa. Har yau ina zuwa wajenta lokaci-lokaci, kuma mai son dariya ya yi, haƙoransa ne.

Ranar da wata huɗu da kwana goma suka cika bisa lissafina, na yi wanka, na sa farar riga. Liman ya ce an yi kwana biyu da wucewa, na ce lissafin aji uku ne, a bar ni da shi. Na aika aka kira 'yata da ƙannenta maza biyu, aka kira ƙanwar matata. Da hantsi muka tsaya a tsakar gida. Na buɗe kwaɗon, na sa kafaɗa na ɗaga ƙyauren kamar yadda aka saba. Wata huɗu ba a taɓa shi ba, damina ta bi ta kansa. Ƙarfen ƙasan ma ya ce ya gaji. Ƙyauren ya taho gaba ɗaya ya kwanta a jikina, sai da 'ya'yana suka ɗauke shi suka jingine a bango.

Ɗakin yana nan yadda ta bar shi. Gadonta a gyare, kwanukanta a jere, madubi a rataye, zanen makahon nan a ninke a kan akwati, ashe ta sa shi har ya koɗe. Ƙanshinta bai gama fita ba. 'Yata ta shiga ta zauna a bakin gado ta rufe fuska. Ni kuwa na yi abin da na iya. Na karkaɗe rigata, na juya wajen ƙanwar, na gyara murya.

"To amarya, takaba ta ƙare, ango ya fito. Kawo saƙon. Wace bazawarar ce ta ga saurayi ta rikice?"

Ta dubi ƙyauren da ke jingine a bango, ta dube ni. An ce in baki ya san abin da zai faɗa, bai san abin da za a mayar masa ba. Nawa bakin, da ya gagari liman, ya gagari majalisa, ya gagari dillalan Maigatari, a nan aka rufe shi, kuma ranar ban sake buɗe shi ba sai da zan tambayi inda kafinta yake.

Ta ce, "Wata huɗu ina ɗauke da shi kamar dakon gishiri, ka hana ni saukewa. Kana fita Yaya ta yi dariya har ta sarƙe. Da jikin ya tsananta ta riƙe hannuna ta ce, in Malam ya dawo bai same ni ba, ki ce masa ni dai na cika nawa alkawarin. Saura shi da ƙyaure."